Tururuwa ba ta jiran hatsi shi yi tsada

Wannan lacca ce da wani dattijon ikilisiyarmu ya yi nan Tahoua ran asabar ɗin godiyar kaka, wani yaro ya ɗauka da tarho ni kuma na zauna na rubuta yadda ya faɗa, gaisuwar farko da wurin da iska ta cinye murya na tsallake su.

To 'yan'uwa, iyayena mata na Zumunta, samari da kuka laɓe can baya kusa da ƙofa don ku samu hanyar gudu, ina ganinku. Yau maganar rumbu za mu yi. Wani yaro ya tare ni satin da ya wuce ya ce Baba, Littafi Mai Tsarki ya rikita ni, Karin Magana sura 6 ta ce kai rago tahi wurin tururuwa ka koyi hikima, ba ta da sarki ba ta da mai tsaye kanta amma tana tara abincinta da kaka, sai kuma na buɗe Matiyu sura 6 na iske Yesu na cewa ku dubi tsuntsaye ba su shuka ba su girbi ba su da rumbu, kada ku damu da gobe. Ya ce to wanne zan bi, tururuwa ko tsuntsu? Na ce mishi kai da ka taɓa kwana gona kana korar jan-baki ka san tsuntsayen nan a gonar wa Allah ke ciyar da su (dariya). Amma tambayar tashi ta gaskiya ce, ita ta hana ni barci har na ce bari in kawo ta gabanku.

Bari in fara da tururuwa don ni na ga rumbunta da idona. Waɗanda sunka yi wayo a 2005 kun tuna, damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri fara kuma ta sauka, kafin bazara rumbuna sun zama wurin kwanan kaji. Na je ƙauyenmu na iske mata sun fita tun da asuba, wasu wurin anza da za a jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗacin shi fita, wasu kuma da ƙwarya da ɗan ƙarfe suna tonon gidan tururuwa. Na tsaya kan wata tsohuwa, gwiwa ƙasa, tururuwa na hawan hannunta tana kaɗewa, ta tona har gwiwar hannu ta riƙa fiddo ƙasa gauraye da 'ya'yan ciyawa da ɗan hatsi, ta zuba a faifai tana sheƙewa, abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba, ta ɗaure a bakin zane ta wuce rami na gaba. Ranar nan ban iya gaishe ta ba. Mu da Allah ya ba hankali da gona da shanun noma, ƙwaro ne ya yi tanadin da munka koma ci.

Saboda haka kar wani ya fita nan ya ce dattijo ya ce tanadi rashin bangaskiya ne. Ba a fafe gora ranar tahiya. Abin da Yesu ya hana damuwa ce, wannan da ke cin mutum da dare yana juyi kan tabarma yana lissafin abin da ba shi da iko a kai, tanadi kuwa aiki ne da ake yi da rana, a gama a wanke hannu a kwanta. Kuma ni abin da na lura, masu yawan damuwar nan galibi su ne ba su aje komi ba.

Ni kaina na sha wannan. Shekarar da na aurar da ɗiyata ta fari, kaka ta yi kyau, sai na ɗauki buhu bayan buhu na kai kasuwa lokacin da kowa ke kawo nashi hatsi ya faɗi warwas, don a ce gidan wane an yi biki, an sayi gado an sayi kwanoni an yi anko. Wata bakwai bayan nan ni ne tsaye gaban mangaza ina sayen tiya tiya, kila ma hatsin gonata ne, da kuɗin da ya kusa ninka wanda na sayar. Matata ba ta ce komi ba, kuma kun san shirun matanmu ya fi wa'azi zafi (dariya). Wannan ba Shaiɗan ba ne, ba maƙiya ba ne, ni ne.

To yanzu mu juya wurin mai mangazar, don nan maganar take. Karin Magana 11 aya 26, wanda ke da Littafi shi buɗe, tana cewa mai ɓoye hatsi mutane za su la'ance shi, amma albarka na bisa kan wanda ya fiddo ya sayar. Ku lura ba ta ce wanda ya raba kyauta ba, ta ce wanda ya sayar. Allah bai hana kasuwanci ba, ɗan kasuwan da ya sa kuɗinshi ya sayi hatsi da kaka, ya biya kamiyo, ya biya 'yan dako, ya sa magani don ƙwari, ya yi gadi wata shida, shina da hakkin riba, in babu irinsu ma garin nan da bazara ba za a samu abin saye ba. Wanda ake la'anta shi ne mai zama bisa buhuhuwa, maƙwabci na dafa tafasa ba gari, shi kuma kunnenshi na kan radiyo, in ya ji an ce ruwa ya yi jinkiri gabas sai ranshi ya yi fari, in ya ji an rufe iyaka sai ya ƙara kwaɗo a ƙofa. Mutum ya kai inda labarin masifa ke mishi daɗi, to ya tsaya ya binciki kanshi ko da shi ne ke zama kujerar gaba a majami'a.

Kuma mun gani ba da nisa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi anka rufe iyakoki, ni ba siyasa na zo yi ba kowa ya san ra'ayinshi, amma kayan da ke cikin shago tun kafin a rufe iyakar Konni, wanda ba a ƙara mishi ko dala ta mota ba, da safe ya tashi da sabon kuɗi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, ku gaya mini kayan nawa ne sunka sauko da saurin da sunka hau. Damanar 2024 kuma ruwa ya zo ya yi yawa, gidaje sunka faɗi, rumbuna sunka jiƙe, har shigar lakol anka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, cikin watan nan ne kuma gwamnati ta hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa waje in ba Mali da Burkina ba. Doka na iya tare kamiyo a hanya, wanda ya kulle mangaza cikin unguwa yana jira kuwa sai tsoron Allah.

Annabi Amos a sura 8 kamar kasuwarmu ya zaga ya rubuta. Ya ce suna ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe hatsi, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar har da ƙaiƙayi, su sayi matalauci a kan takalmi. Buhun kilo 100 tiya 40 ne ko ba haka ba? Na taɓa auno buhu wurin wani, ba zan faɗi ko wane ne ba, na zo gida matata ta sake awo da tiyarta sai ga 37 da ɗan kai, na koma na ce in ga tiyar, na kifa ta, gindin an bubbuge shi ya shige ciki kamar an taka gwangwani. Tiya biyu gare shi, mai zurfi ta saye, mai tudu ta sayarwa. In akwai mai irin wagga tiya cikinmu, kar ka kawo baikon godiya gobe, ka fara kai ta wurin maƙeri.

Yanzu Yusufu, wanda kowa ke so, mu da 'yan'uwanmu Musulmi duk mun san labarinshi. Farawa 41, Fir'auna ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, Yusufu yana ɗan shekara 30 ya ce a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa shekara bakwai na ƙoshi, anka tara har sunka daina ƙirga, da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna, Masar ta rayu, gidan ubanshi ya rayu. Nan masu wa'azi muke tsayawa mu ce amin. Amma ku ci gaba zuwa sura 47, ni dai duk lokacin da na karanta ta sai jikina ya yi sanyi. Kuɗin mutane ya ƙare, sunka kawo dabbobinsu anka ba su abinci, shekara ta kewayo sunka ce ba abin da ya rage sai jikinmu da gonakinmu, ka saye mu, Yusufu ya saye ƙasar Masar duka wa Fir'auna in ban da ta firistoci. Sun gode mishi, sun ce ka ceci ranmu, gaskiya ne ya cece su, amma sun shiga yunwa da gona sun fito ba gona. Ni ban isa in yi wa Yusufu shari'a ba, abin da na sani shi ne da Allah ya zo ba jama'arshi doka bai ce su yi haka da junansu ba. Littafin Firistoci 25 ya ce ɗan'uwanka in ya talauce kar ka ba shi kuɗi da ruwa, kar ka ba shi abincinka don riba, gona ma ba a sayar da ita har abada. Kenan wannan da muke yi a ƙauyuka, a ba mutum buhu ɗaya tsakiyar damana lokacin da yake noma da yunwa a ce da kaka shi biya biyu, in ya kasa a riƙe gona jingina, shekara uku ɗiyanshi sun tahi bida Abijan ko Libiya don ba inda za su sa hauya, kar wanda ya ce mini taimako ne.

Shi kuwa mai arzikin nan na Luka 12, gonarshi ce ta yi albarka, ba a ce ya yi sata ba. Ya ce zan rushe rumbunana in gina manya, in ce wa raina ci, sha, huta. Ku karanta a gida ku ƙirga sau nawa ya ce nawa, rumbunana, hatsina, kayana, raina, ba mata ba ɗiya ba barori ba maƙwabci a cikin lissafin, shi da kanshi yake shawara. Allah ya kira shi wawa ya ce daren nan za a karɓi ranka, abin da ka tara na wa zai zama. Rumbun Yusufu ya fi nashi girma nesa ba kusa ba kuma ba a kira Yusufu wawa ba, to ashe ba girman rumbu ne laifin ba.

Wata uwa ta ɗaga hannu. E Inna, faɗi. (Ta ce su mata ba su ke riƙe da mabuɗin rumbu ba, maza ke sayarwa su sai dai su ga jaki a ƙofa.) Kun ji ko maza? Gaskiya ta faɗi kuma ba ni da amsa sai kunya. Macen da ke daka kullum ita ta san tiya nawa gida ke ci a sati, ta san ran da hura za ta fara tsinkewa, kai kuwa lissafinka a majalisa kake yinshi. Kafin buhu shi fita gida a zauna da ita a ƙirga watanni har sabon hatsi, a ware iri, a ware na ci, a ware na Allah, abin da ya saura shi ne na kasuwa.

Mu Kirista a garin nan ba mu da yawa, kowa ya san gidajenmu ɗaya ɗaya. Mutane da yawa ba za su taɓa shiga ɗakin nan su ji wa'azi ba, amma suna awo wurinmu, suna cin bashi wurinmu. Asibitin mishan na Galmi tun 1950 yake, ku tambayi mutanen Madawa da Konni, ba ayoyi za su karanto muku ba, za su ce an duba uwata, an yi wa ɗana aiki. Kuma in faɗi gaskiya, a 2005 ɗin nan wanda ya aiko gidana da rabin buhun dawa da dare, yaronshi ya aje a zaure ya juya ko sallama bai tsaya yi ba, maƙwabcina ne Alhaji, har ya rasu bai taɓa tada maganar ba.

Ga abin da na kawo gaban dattawa kuma sun ce in faɗa muku. A Ayyukan Manzanni 11 da Agabus ya ce yunwa na zuwa, zamanin Kalaudiyas, almajiran Antakiya ba su jira ta iso ba, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinshi anka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Mu ma yanzu da hatsi ke da araha kowane gida shi kawo abin da ya iya, mai tiya biyu shi kawo biyu, mai albasa shi sayar shi kawo kuɗin a auno, ma'aikata ƙarshen wata, a zuba a ɗakin nan na bayan majami'a bisa katako kar ƙasa ta taɓa buhu, ba za a buɗe ba sai an yi shuka. Wanda ya ɗauki tiya goma da kaka shi maido goma, a ƙara ɗaya don abin da ƙwari da ɓera za su ci, gwauruwa da marayu ba a bin su, kuma ba za a tambayi mai yunwa inda yake sujada ba. Kwaɗo biyu za a sa, mabuɗi ɗaya wurin dattawa ɗaya wurin Zumuntar Mata, tiya ɗaya tak ta shiga da fita, Inna ke za ki zaɓo ta a kasuwa ki kifa ki duba gindin. Ran laraba bayan addu'ar yamma za a rubuta sunaye, samarin baya ku ne 'yan dako, kar wanda ya ce bai ji ba.