Sharhi: Naman Kangaru da Sharuɗɗan Shigo da Shi

Masu sauraro, sharhinmu na yau ya kai mu Ostireliya, ƙasar kangaru, dabbar nan mai goyon ɗanta a jakar cikinta. Naman wannan dabba yana ƙetare teku zuwa kasuwannin Beljiyam, Jamus, Holand da Faransa, kuma ƙa'idojin shigo da shi suna da tsauri, da dalili.

Kangaru ba a kiwonsa, ba a kuma kai shi mayanka. Maharba masu lasisi ne ke bin sa a daji cikin dare, su harbe shi a ka kamar yadda doka ta tanada, su farke cikin nan take, su rataye shi a bayan mota cikin ƙura har a isa ɗakin sanyi. Babu likitan dabbobi da ya duba shi yana da rai. Tsakanin harbin nan da shiga sanyi ne haɗari yake, domin a nan ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella ke samun damar yaɗuwa, balle in hanji ya fashe a kan tsoka.

Shi ya sa Tarayyar Turai ta ce dole a sanyaya naman babbar dabbar daji kada ya wuce digiri 7, a sarrafa shi a masana'antar da ta amince da ita, sannan kowane kaya ya zo da takardar shaidar lafiya daga hukumomin Ostireliya. A bakin iyaka ma sai likitoci sun sake dubawa.

Rasha ta nuna cewa wannan ba wasa ba ne. A da ita ce kan gaba wajen sayen naman, amma a 2009 ta rufe ƙofa saboda ƙwayoyin cuta da ta gano a ciki. An sassauta daga baya, sai kuma aka sake haramtawa a 2014.

A ganinmu, takarda mai hatimi kaɗai ba ta isa ba. Ƙasar da za ta karɓi wannan nama ta tanadi ɗakin gwaji nata, ta ɗebi samfuri daga kwantena, ta bi bayanan sanyi tun daga daji har tashar jirgin ruwa. Wadda wutar lantarkinta ba ta tsayawa kuwa, ta fara gyara ɗakunan sanyinta kafin ta ba kowane ɗan kasuwa izinin shigo da ko da kilo ɗaya.