Amsoshin Tambayoyinku: Sabon Shiga Jami'a

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna garin gwamna. Wasiƙun makon nan kusan duk na 'yan aji ɗaya ne a jami'a, sai guda ɗaya ta wani uba.

Ta farko daga wani ɗalibi a Rigasa. Ya ce: "Malam, a sakandare ni ke ɗaukar na ɗaya, na ci JAMB da maki mai kyau, na samu KASU, jami'ar jihar Kaduna. Amma a gwajin farko 8 na ci cikin 20. Ko kaina ne ya toshe?"

Ɗana, kanka ƙalau yake. A sakandare tura ka ake yi: a kaɗa ƙararrawa, a kira suna, malami ya rubuta a allo ka kwafa, wanda ya makara ya sha bulala a bakin get. Jami'a kuwa ba mai bin ka. Lakcara zai shigo ɗaki cike da ɗaruruwan ɗalibai, ya yi awa biyu yana bayani, ya naɗe takardunsa ya fice. In kana kujerar baya ranar da lasifika ta ƙi aiki, motsin bakinsa kawai za ka gani. Don haka in laccar ƙarfe 8 ce, kada rana ta fito maka a Rigasa, ka san cunkoson hanyar nan da safe. Ka kama kujerar gaba, abin da aka koyar yau ka maimaita shi yau.

Ga lissafin da ba a cika gaya wa sababbi ba. A yawancin jami'o'inmu, daga maki 70 zuwa sama A ce, tana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, daraja 4, daga 50 zuwa 59 kuma C, daraja 3. Ana ninka darajar da nauyin kwas, wato kwas mai yunit 3 in ka ci A ka tara 15, in C ce 9 kacal. Su ake haɗawa a raba da jimillar yunit a fitar da CGPA, wato matsakaicin sakamakonka gaba ɗaya, kuma sai mai aƙalla 4.50 cikin 5 ne ke fita da digiri mai daraja ta ɗaya. Sakamakon zangon farko ba a goge shi, yana cikin lissafin har ranar yaye ku. Duk wani na gaba da kai da ya ce maka aji ɗaya shan iska ne, tambaye shi kariyoba, wato kwas ɗin da ya faɗi zai maimaita, nawa yake ja. Kuma makarantu da yawa ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci ba ya zauna jarrabawa. Wannan 8 ɗin taka gwaji ne, babbar jarrabawa ita ke da kaso mafi tsoka, tana nan gaba.

Sai wata ɗaliba daga Tudun Wadar Kaduna da ke karatu a ABU Zariya, a Samaru. Ta ce ba ta taɓa kwana a wani wuri ba sai bana, kullum dare kuka take, kuma wata 'yar ɗakinsu na ɗibar mata madara da shinkafa ba tambaya.

'Yata, kewar gida ba abin kunya ba ce, mu ma da gemunmu mun yi ta. Sai dai Zariya da Kaduna tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, kuma kusancin nan shi ne tarkon. In kowace Juma'a kika hau mota, ba za ki taɓa sabawa ba. Ki daure ki yi wata guda cur. Batun madara kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa. Ki faɗa mata sau ɗaya da fara'a, ba a gaban mutane ba, sannan ki sayi kwaɗo ki sa wa akwatinki.

Alhaji daga Kawo ya ce ɗansa da ke Kadpoly, kwalejin fasaha ta Kaduna, ya cinye kuɗin wata cikin kwana 10. Ranka ya daɗe, yaron da bai taɓa riƙe kuɗin cefane ba, data da shawarma za su rigaye shinkafa. A riƙa ba shi na mako-mako, a haɗa masa da garin kwaki, wake da manja. Ya kuma nemi bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, da aka fara bayarwa a 2024, ba shi da kuɗin ruwa.

Akwai wasiƙar wani da ke son canja kwas, amma mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo. Da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.