Ƙarar Fursuna a Amurka: Yadda Ake Korar Ta Tun a Bakin Ƙofa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Maganarmu yau a kan fursuna ce a Amurka, wanda ya kai ƙara da kansa, ba lauya, yana cewa an tauye masa haƙƙi a gidan yari. Dokar da yake dogaro da ita tsohuwa ce, tun 1871, ana ce mata Sashe na 1983. Kada lambar ta ruɗe ku, ba shekara ba ce. In ana tuhumar talaka da babban laifi, dole gwamnati ta ba shi lauya. In kuwa shi ne mai ƙara, babu wannan dolen. Sai ya zauna a ɗakinsa da biro da takarda.

Haka wani J. W. Gamble ya yi a Tekzas. Ƙullin auduga ne ya faɗo masa yana sauke kaya daga mota, ya ji ciwo a baya. Da hannu ya rubuta kukansa cewa ba a kula da ciwonsa yadda ya kamata ba, har ya kai Kotun Ƙoli. A 1976 kotun ta ce yin biris da ciwon fursuna da gangan saɓa wa tsarin mulki ne. Amma shi Gamble bai yi nasara a kan likitan gidan yarin ba, domin sau 17 ma'aikatan lafiya suka duba shi cikin wata uku. Ya share hanya, wasu suka bi.

A 1996 Shugaba Clinton ya sa hannu a wata doka da ta ƙuntata hanyar. Yanzu alƙali kan tace takardar fursuna tun kafin a kira wanda ake ƙara. Kuɗin shigar da ƙara, dala 350, sai ya biya ko da kaɗan-kaɗan ne daga asusunsa. In aka kori ƙararsa sau uku a kan ba ta da tushe, to nan gaba sai ya biya duka lokaci guda, sai fa in yana cikin haɗarin mummunan rauni.

Amma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan: kafin ya je kotu, sai ya gama bin matakan koke na cikin gidan yarin. Wa ya tsara matakan? Hukumar da yake ƙara. Ita ke ba da fom, ita ke yanke wa'adi.

Ku dubi Ngo, fursuna a Kalifoniya. An hana shi shiga wasu harkoki na gidan, har da na ibada. Wa'adin koke a lokacin kwanakin aiki 15 ne, shi kuwa sai bayan wata shida ya rubuta. Hukuma ta ce ya makara. A 2006 Kotun Ƙoli, alƙalai shida cikin tara, ta ce wanda ya makara a ciki kamar bai yi koken ba ne. Ko an zalunce shi ko ba a zalunce shi ba, ba a kai ga tambayar nan ba.

Na ga hannu can gefe. Bismillah, Malama.