Jawabin Maraba ga Wakilin Kwamitin Olamfik na Ƙasa a Makarantarmu ta 'Yan Mata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, wakilin Kwamitin Olamfik na Najeriya, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Abokan aikina malamai, da 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da wannan safiya.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Da ka ga dama da takarda ka aiko mana, amma ka tako da ƙafarka, zuwa da kai kuwa ya fi aike. Mun gode.

Tun da aka ce kana tafe, malamar wasanninmu ta samo mana kundin ƙa'idojin Olamfik, muka yi ta duba shi a ofis bayan an tashi. Tun 1894 da Pierre de Coubertin ya tara mutane a birnin Faris aka kafa kwamitin duniya, an yi ta yi wa ƙa'idojin gyara, har yau suka kai babi 6. Galibinsu maganar zaɓe ce da tuta da yadda ake ba gari damar karɓar gasa. Ba zan ce duk na gane ba. Akwai dai wurin da na tsaya na sake karantawa, inda aka ce yin wasanni haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, kuma ba a hana mutum saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko yarensa, ko talaucinsa, ko don mace ce.

Mu 'yan Afirka mun san wannan magana ba ado ba ce a takarda. Saboda wariyar launin fata aka hana Afirka ta Kudu zuwa gasar Tokyo a 1964, aka kore ta gaba ɗaya a 1970, ba ta dawo ba sai 1992. A 1976 kuma Najeriya da ƙasashen Afirka fiye da 20 suka juya wa gasar Montiriyal baya, don an ƙi hukunta Niyuzilan bayan 'yan wasanta sun je sun yi wasa a can ƙasar wariya. Yara sun yi shekaru suna atisaye, suka haɗa kayansu suka dawo gida ba su taka fili ba. Da ciwo, amma a ganina iyayenmu sun yi daidai.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, kundin ya ce gasar tsakanin 'yan wasa ake yin ta, ba tsakanin ƙasashe ba. To, a je a gaya wa waɗanda suka cika titi da ihu a 1996, lokacin da su Kanu da Garba Lawal da Tijani Babangida suka ci Ajantina a gasar Olamfik ta Atlanta! A wannan gasar ce Chioma Ajunwa ta ɗauko zinare a dogon tsalle, kuma sunanta ne 'ya'yana suka fi riƙewa.

Yanzu bari in kawo maganar gida. In an jima za ka ga filinmu. Layukan tsere da toka muke zana su, daga madafar makaranta ake ɗebo ta a tsohon bokiti, kuma iska ɗaya ta hunturu ta isa ta share aikin. Sandar miƙa-miƙa guntun kara ne. Akwai yarinya a aji biyu da takan cire silifas ta ajiye a gindin darbejiya, ta gyara ɗaurin hijabinta, ta tsere wa kowa, ƙafa ba takalmi, ga ƙaya. Bara mahaifinta ya zo ya ce ta daina. Sai da malamarta ta nuna masa dogon wando da rigar da suke gudu da su, ta kuma ce ya zo ya gani da idonsa, sannan ya sassauta.

Don haka roƙonmu bai da yawa. Muna son a horar da malamanmu mata su zama masu koyar da wasanni, domin iyaye sun fi sakin jiki in mace ce a fili. Muna son takalman gudu ko da na mutum 20 ne. Mun kuma ji akwai asusun tallafi da kwamitin duniya ke turo wa kwamitocin ƙasashe daga hedikwatarsa da ke birnin Lozan. In rabon ya zo, a tuna da makarantun da ke nesa da Abuja da Legas. Tun 2025 mace ce ke shugabantar kwamitin duniyar, Kirsty Coventry 'yar Zimbabuwe, ta farko daga Afirka. Da na faɗa wa yaran nan haka a taron safe, sai da malamai suka tsawata kafin tafi ya lafa.

Ranka ya daɗe, ga ruwa nan a sha tukuna. Daga nan sai mu rankaya fili, an zuba sabuwar toka tun asuba, yara suna jira a bakin layi.

Allah ya saka da alheri, ya maishe ka gida lafiya. Wassalamu alaikum.