Abuja zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi?

Jama'a assalamu alaikum. Tambayar nan kusan duk mai shirin tafiya Umra ko Hajji sai ya yi ta, wai daga Abuja zuwa Jidda awa nawa ne, to ku gyara zama mu yi lissafin tare.

Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe nan Abuja zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in aka ja layi ɗoɗar, nisan ya kai wajen kilomita 3,700, kamar ka yi tafiyar Abuja zuwa Kaduna sau kusan 20 kenan. Shi kuma babban jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya. Ka raba, za ka samu awa 4 da ɗoriya, sai ka ƙara lokacin da yake ɗauka kafin ya gama hawa da wanda zai rage gudu ya sauko, wani lokacin ma a sa shi ya yi ta shawagi yana jiran layi, shi ya sa ake cewa kamar awa 5.

Amma fa wannan lissafin na ranar da hanya take a buɗe ne. Jirgi ba ya bin inda ya ga dama, sai ƙasar da zai ratsa samaniyarta ta yarda. Hanyar da aka saba ita ce ta Chadi, a shiga Sudan, a tsallake Bahar Maliya, sai Jidda. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan wannan shekarar suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru da wajen awa 2, mai ya ƙaru, kamfanoni suka ce sai an ƙara kuɗi. Nisan garin bai canza ba ko da taku ɗaya.

Sai agogo, nan ne mutane suke rikicewa wallahi. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti na garin da za ka sauka ne. In ka tashi ƙarfe 10 na safe ka ga an rubuta sauka ƙarfe 5 na yamma, ba awa 7 ka yi a sama ba Alhaji, 5 ne.

Masu bi ta Addis Ababa ko Alkahira kuwa nasu daban, zaman jiran jirgi na biyu kaɗai yana iya fin tafiyar kanta tsawo, don haka ka duba wannan kafin arahar tikiti ta ja ka.

Kuma in daga Jidda Makka za ka wuce kai tsaye, haraminka ya kasance a jakar hannu ko ma a jikinka, don kana sama za a wuce miƙati, sannan bayan an sauka akwai sauran kusan kilomita 100 a mota.