Ganuwa Na Tafiya A Bayan Jaki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da la'asar sakaliya, na biyo ta bayan ganuwa a yammacin birnin Kano, sai na tarar da wani bawan Allah da jakuna biyu da diga, yana saran jikin badala yana cika mangala. Na tsaya na yi masa sallama, na ce, "Malam, sannu da aiki. Ina za a kai wannan ƙasa?" Ya ce, "Yallaɓai, yaɓe za a yi da ita. Ai babu ƙasa irin wannan, ta riga ta sha kwaɓi." Da zuciya ɗaya ya faɗa mini, babu alamar ya san yana ɓarna. Na matsa kusa da inda ya sara. Ga tubala nan irin na da, masu tsinin kai, an jera wani a kan wani, a jikin ɗaya har ana ganin shatin yatsun wanda ya mulmula shi. Na sa yatsuna a cikin shatin, suka zauna daidai. Kafin in bar wurin wannan tubali ya shiga mangala.

Na tambaye shi ko ya san wanda ya gina abin da yake sara. Ya ce, "Mutanen da." Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma a gindin ganuwar aka haife shi.

Wallahi ban ji haushin mutumin nan ba. Haushina yana kanmu, mu da muka sani muka yi shiru. Mun san cewa tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara wannan gini. Mun san Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa shi, aka kuma ƙara a zamanin Muhammadu Nazaki. Mun san cewa a da, in damina ta wuce, gayya ake yi a gyara inda ruwa ya zaizaye, har zuwa lokacin da Turawa suka ci birnin a 1903, al'adar ta yi ta mutuwa. Tun 2007 sunan ganuwar yake cikin jerin wuraren da Najeriya ke fatan hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, yana nan yana jira. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, muna ji muna gani. Akwai hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tun 1979, akwai doka. To amma doka tana cikin takarda, diga kuwa tana jikin ganuwa. Duk wannan sanin, wa ya taɓa kawo wa mai jakin nan ko da jimla ɗaya daga cikinsa, da harshen da yake ji?

Magana ɗaya nake so in kafa yau, kuma zan yi ta nanata ta: mutum ba ya tsare abin da ba a gaya masa darajarsa ba.

Ku duba yadda manyan kayan tarihin ƙasar nan suka fito fili. A 1987 wani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe a yanzu, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin da ya kusa mita 5. Da ya ga dama da ya sare shi ya wuce, rijiyarsa yake nema. Sai ya je ya gaya wa dagaci. Abin da aka tono daga ƙarshe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka auna shekarunsa suka samu wajen 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a duk Afirka da ya girme shi. Yanzu yana Damaturu. Makiyayi ne ya gano shi, jama'a, makiyayi, kuma abin da ya ceci wannan jirgi shi ne mutum ɗaya ya san wanda zai gaya wa.

Haka labarin Nok a kudancin Kaduna. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a 1928. Wani kan mutum-mutumin kuma da aka samu a wajen garin Jama'a, sai da ya shekara a gonar doya yana korar dabbobi kafin ya isa hannun Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943, ya lura cewa hannun mutane ɗaya ne ya yi su. Daga nan duniya ta san akwai mutanen da suka zauna a tsakiyar ƙasar nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, suna gasa yumɓu, suna narka tama. Duniya ta sani, dillalai ma suka sani. Aka shiga ƙauyuka da kuɗi ana sa matasa tono, ana farfasa kufai, ana fitar da kaya, har wasu suka ɓulla a gidan tarihi na Louvre da ke Faris a shekarar 2000. Irin wannan wawaso ya faɗa wa maƙabartun Bura a Jamhuriyar Nijar. Ku lura da abin da ya faru: dillali ya je har gona ya yi wa manomi magana da harshensa, ya gaya masa farashi. Masani ya rubuta nasa da Turanci ko Jamusanci, a mujallar da manomin ba zai taɓa gani ba. Yaya za a yi mu yi mamakin wanda ya yi nasara?

Ga Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ta jihar Katsina. Tun 1907 Bature Palmer ya fara tona waɗannan kusheyi, aka sake tono a 1992. An samu kayan ado na tagulla da zinariya da hauren giwa da wuri, har da tasar da ta fito daga ƙasashen Gabas, shaidar cewa sarakunan wannan wuri suna cinikayya da duniya shekaru ɗaruruwa kafin wani Bature ya taka ƙasar Hausa. Ko waɗanda ke kwance a nan su ne ainihin sarakunan da ake lissafawa a baka, wannan masana na ta muhawara, ni ma ina da shakkata. Amma kayan ba su da shakka, an riƙe su a hannu, an kai su Jamus an gyara. To ɗalibai nawa ne a makarantun Mani za su iya gaya maka abin da aka samu a bayan garinsu? Ku gwada tambaya. Rashin sani, in ji Bahaushe, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Abin da nake kira a kai ba sabon abu ba ne, kuma ba ya buƙatar izinin Abuja. Kowane gari ya kafa ƙungiyar masu kishin tarihinsa. Muna da ƙungiyar ci gaban gari, da ta tsofaffin ɗalibai, da ta 'yan sintiri, da ta 'yan ƙwallo har a lungu. Me ya hana mu ta tarihi? A Ingila da wuya ka sami gundumar da ba ta da irin wannan ƙungiya, wasunsu sun haura shekara 100. Ba sai mun je nesa ba ma. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ne ke fitowa, maza na ɗaukar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, mata na kawo ruwa, a yaɓe babban masallacinsu cikin yini guda, ana murna. Ƙasar da aka gina masallacin Jenne da ita ba ta fi ta ganuwar Kano ƙarfi ba, ruwan sama ɗaya ne ke dukansu. Su yaransu sun tashi sun ga iyayensu da laka a hannu.

Aikin irin wannan ƙungiya a fili yake. A zauna da dattawa tun suna raye, a ɗauki muryarsu a wayar hannu: ina tsohon gari yake, me ya tashe shi, wace rijiya ce ta fi tsufa, ina maƙera suka zauna. A zaga kufai da mai unguwa da sarkin gini, a ɗauki hoto, a rubuta a littafi da boko da ajami. Ina tuna kufan da ke bayan garinmu, inda muke kiwo muna yara. In aka yi ruwan farko sai ƙasa ta yi ta fito da tsingaro masu zane da kashin maƙera, mu kuwa mu tsince mu yi ta jifan ƙadangaru da su. Manya cewa suke wurin na aljanu ne, kada mu kai magariba. Sai da na girma na gane cewa a kan masana'antar kakanninmu muke wasa. A gindin Dala an auna irin wannan shaida ta narka ƙarfe, aka ga ta haura shekara 1,300. Da akwai mutum ɗaya a garinmu da zai ɗauki kashin maƙera ya ce, "Yara, ku zo ku ga wannan," da ba a share wurin an yanka filaye ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Kuma a ji ni da kyau: ban ce kowa ya ɗauki diga ya shiga tono ba. Tono aikin masana ne, domin tukunyar da aka zare daga inda take kwance ta rasa rabin labarinta. Aikin ƙungiya shi ne ta zama idon gari, ta zama wurin da mai haƙa rijiya ko mai tona harsashin gida zai kai rahoto, ita kuma ta kira Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake da sashe guda na wannan ilimi, ko gidan tarihi mafi kusa. Sannan ta kafa wa masanan sharaɗi: duk wanda ya tona ƙasarmu, ya dawo ƙofar fada ko filin makaranta ya gaya mana abin da ya gani, da Hausa. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma muke roƙo ba.

Na san abin da wasu ke faɗa yanzu a gaban rediyonsu. Ana fama da tsadar masara, wa yake ta tsohuwar katanga? To rushe ganuwa ya taɓa rage kuɗin kwanon masara? Wanda ya yanka badala ya gina shaguna ba yunwa ce ta sa shi ba, kun san su, na san su. Wasu kuma su ce ai gumaka ne, ba ruwan Musulmi da su. Wa ya ce a bauta musu? Alƙur'ani da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Me za mu duba in mun kwashe komai mun sayar? Hasumiyar Gobarau ta Katsina gunki ce? Ganuwar Surame ta Kanta, Sarkin Kabi, gunki ce? Sai masu cewa aikin gwamnati ne. Shekara nawa muna jiran gwamnati? Ma'aikacin gidan tarihi ɗaya ba zai kwana a gindin kowace ƙofa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu ɗaya ne ke ba ni tsoro, kuma ba zan ɓoye ba. Muna da halin kafa ƙungiya a yi bikin ƙaddamarwa, a raba muƙamai, a nemi uban ƙungiya mai kuɗi, daga nan a watse. In haka za a yi, gara a bari. Ni dai na fi son in ga mutum biyar, malamin firamare da liman da maƙeri da wata dattijuwa mai labari da saurayi mai wayar ɗaukar hoto, suna haɗuwa duk Asabar a zauren mai unguwa, suna kwasar 'yan aji shida su kai su Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata ko zanen duwatsun Birnin Kudu. Yaron da ya taɓa sa yatsunsa a shatin yatsun kakansa ba zai tsaya yana kallo ana loda shi a jaki ba.

Kafin mu rabu da mai jakin nan na gaya masa sunan Gijimasu, na gaya masa shekarun da ginin ya yi. Ya ajiye digar ya dubi ganuwar daga ƙasa har sama, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Yallaɓai, ba wanda ya taɓa gaya mini." Ya ce amma ya riga ya karɓi kuɗin mangala 20, saura 12. Na nemi gidan mai unguwar wurin, mun yi da shi za mu zauna ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, kuma mai jakin ya ce zai zo.

Wassalamu alaikum.