Nanomita 10 Da Ke Yanke Hukunci A Farantin Sola Na Roba

Masu kallo, farantin solar da muka saba gani a kan rufi da silikon ake yin sa. Akwai kuma wani da ake yi da sinadaran kabon, dangin roba: siriri, mara nauyi, har naɗe shi ake yi. A irin wannan, yadda aka jera sinadaran a ciki shi ne rabin aikin.

Idan haske ya faɗa masa, elektron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, ba ya kuɓucewa nan take. Yana fitowa ne ɗaure da gurbin da ya bari, abin da masana ke kira eksiton. Ba za su rabu ba sai sun isa iyakar da sinadari mai bayar da elektron ya haɗu da mai karɓarsa, kuma tafiyar eksiton kafin ya mutu ba ta wuce kusan nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ga shi kuwa sai shimfiɗar sinadaran ta kai kaurin kusan nanomita 100 sannan take shan haske sosai.

A 1986, Ching Tang na kamfanin Kodak ya ɗora sinadaran biyu, ɗaya bisa ɗaya. Kusan kashi 1 cikin 100 na hasken ne ya zama lantarki, domin yawancin eksiton tun a hanya suke mutuwa.

A 1995 ne ayarin Alan Heeger a Kalifoniya da na Richard Friend a Kambirij suka cakuɗa su a shimfiɗa guda, ta yadda duk inda eksiton ya juya, iyaka na kusa. A ganina, wannan ce dabara mafi girma a fannin. Sai dai cakuɗin yana son gwaninta. In ya yi gudaji kamar furar da ba ta damu ba, eksiton ba zai kai iyaka ba. In kuma ya narke sarai, elektron zai rasa hanyar fita, ya koma cikin gurbinsa. Shi ya sa ake ɗan gasa shimfiɗar, don kowane sinadari ya shata hanyarsa.

Akwai kuma juyayyen tsari na shimfiɗun da ke kwashe lantarkin daga farantin: a cire kalsiyam da iska ke saurin ci, a sa zink oksaid a ƙasa, azurfa a sama, sai farantin ya ƙara ƙarko.

A 2018, ayarin Chen Yongsheng na Jami'ar Nankai a ƙasar Sin ya ɗora faranti biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowanne na shan nasa ɓangaren hasken, suka kai kashi 17.3. Yau, a ɗakin gwaji, ana taɓa kashi 20.